An buɗe asusu da igamar Baba, yanzu dattawa na cewa mu rufa asiri

Abu Sadiƙ, Sharar Mansur
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ranar Lahadi na kai Baba ya ciri kuɗin maganin sugansa, na'ura ta maido da katin har sau biyu. Muka shiga ciki. Ma'aikacin ya buga lambar igamarsa, wato katin zamansa a Saudiyya, ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya ce an tsayar da asusun, akwai balagi, wato an kai ƙara, a kan mai wannan lamba, mu je shurɗa, ofishin 'yan sanda. A can muka ji abin da ya kashe mini jiki. Wai wata huɗu da suka wuce an buɗe asusu da sunan Baba a wani banki dabam, ta waya, ba a taka ko reshe ba. Wata mata daga wani gari ta tura riyal 38,000 a ciki bayan an yaudare ta, kuɗin ko kwana bai yi ba aka kwashe shi. Ita kuwa sunan da ta gani a takardar turawa shi ta kai ƙara, sunan Baba ke nan.

Wanda ya san Baba ya san shekararsa 71, kuma a waya ba abin da ya iya sai danna koren maɓalli ya amsa kira. Duk hidimar Absher da Nafath ɗinsa, manhajojin gwamnati na hidimar takardu da tantance mutum a waya, ɗan maƙwabciyarmu ne yake yi masa, tunda ni kullum ina kan hanyar Jidda da fasinja. Yaron nan a gabanmu aka haife shi, da tuwon gidanmu ya girma. Da na matsa wa Baba ya tuna, sai ya ce akwai ranar da yaron ya zo bayan la'asar ya ɗaga masa waya saitin fuska ya ce, “Baba kalli nan, ƙifta ido, sabunta bayanai ake yi.” Baba ya ƙifta, har ya sa masa albarka.

Na tsare yaron, ya fashe da kuka. Ya ce wani ne a intanet da bai taɓa gani ba yake ba shi riyal 500 a kan kowane asusu. Mahaifiyarsa ta zo ta durƙusa gaban Inna, mijinta ya rasu, shi ne babban ɗanta. Dattawan unguwa sun ce a yi karo-karo a biya matar, mu kuma mu ce wayar Baba ce ta taɓa ɓata. Ranar Alhamis za a sake zama da mai bincike. Don Allah wanda ya san doka ya gaya mini gaskiya, me ke gaban Baba, me ke gaban yaron?

Ummu Rayyan, Misfala
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya fitar da Baba. Amma Abu Sadiƙ ka ji tausayin uwar nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In aka kama yaron, bayan kurkuku tarhil ne, wato a kore shi zuwa ƙasar da bai taɓa taka ba, bai san kowa ba. Tunda za a biya kuɗin, mene ne na tona asiri?

Ɗalibin Madina
Wa alaikumus salam Yaya Abu Sadiƙ. Ni ɗalibi ne a fannin shari'a, ba lauya ba, amma dokar da ake magana a kanta na karanta ta.

Sunanta dokar yaƙi da laifukan intanet, an fitar da ita a 1428 ta hijira, wato 2007. Sashe na 4 shi ne ya yi maganar abin da mu Hausawa ke kira sojan gona: duk wanda ya ci dukiyar wani ta hanyar zamba, ko da sunan ƙarya, ko da shigar da ba tasa ba, haka wanda ya shiga bayanan banki ko na katin wani ba da izini ba, hukuncinsa ɗauri har shekara 3, ko tara har riyal miliyan 2, ko a haɗa masa duka. Sashe na 9 ya ce wanda ya taimaka ko ya haɗa baki, in laifin ya auku, ana iya yi masa hukunci har iyakar na mai laifin. To a nan yaron yake. Sashe na 8 kuma ya ce in gungu ne mai tsari, hukuncin ba zai gaza rabin mafi tsananinsa ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai dokar zambar kuɗi ta 2021, ita har shekara 7 da tarar miliyan 5. Akwai kuma ta halasta kuɗin haram, shekara 2 zuwa 10, baƙo kuma in ya gama zamansa a fitar da shi daga ƙasa. Asusun da kuɗin zamba ya ratsa ta cikinsa yana iya jawo wa mai sunan wannan tuhuma. Shekararsa nawa yaron?

Abu Sadiƙ, Sharar Mansur
Ya cika 19 a watan azumi.

Ɗalibin Madina
To ya wuce 18, ba za a ɗauke shi a matsayin ƙaramin yaro ba.

Anti Ummu Rayyan, da girmamawa, akwai abin da mutanenmu ba su gane ba. A nan ƙara kashi biyu ce, haƙƙin mai ƙara da haƙƙin hukuma. Matar nan in an biya ta tana iya yin tanazul ta yafe nata. Na hukuma ba a hannunta yake ba, yana hannun Niyaba, masu gabatar da ƙara. Karo-karon dattawa abu ne mai kyau, a yi shi, haƙƙin baiwar Allah ne. Amma ba zai rufe fayil ba.

Baba Mu'aƙƙibi, Jarwal
Abu Sadiƙ ɗana, shekara talatin ina bin takardun mutane a ofisoshi, ka saurare ni da kyau. Maganar wai waya ta ɓata, kada ka kuskura ta fito daga bakin mahaifinka. Ɓarawon waya a ina zai samo fuskar mai ita? Asusun nan da fuskar tsohon aka tabbatar da shi, kuma komai a rubuce yake wurinsu: ranar, sa'ar, wayar da aka yi amfani da ita. Mai bincike zai bar shi ya gama ƙaryarsa tsaf, sannan ya juyo masa da kwamfuta. Daga wannan minti mahaifinka ya tashi daga wanda aka cuta ya koma wanda ya yi wa hukuma ƙarya don ya kare masu zamba. Dattawan da suka ba ka shawarar nan abokaina ne, na san da alheri suke nufi, amma zamanin fayil ɗin kwali suke tunawa, lokacin da in takarda ta ɓace magana ta ɓace.

Kafin Alhamis ga aikinka. Canza kalmar sirrin Absher ɗinsa yau ɗin nan, ka tabbata lambar wayar da saƙo ke shiga tasa ce, ba ta yaron ba. Shiga Arƙami na hukumar sadarwa ka ga layuka nawa ke kan igamarsa. Nemi rahotonsa na Simah, masu ajiye bayanan bashi, ka ga ko an ci bashi da sunansa. Shiga Najiz, shafin ma'aikatar shari'a, ka duba ko akwai wata takardar bashi da aka kai kotun zartarwa. Duk abin da ka gani ka ɗauki hotonsa ka buga a takarda. Wanda ya sayi asusu ɗaya da wuya ya tsaya a ɗaya.

Hajiya Mai Waina, Jidda
Ni bara saura ƙiris a yi mini irin wannan, amma ni ta kira ne. Ina gaban tanda da safe, hannuna duk mai, waya ta yi ƙara. Namiji ne, Larabcinsa tas, ya kira cikakken sunana har na kakana, ya karanto lambar igamata bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya ce daga Absher yake, in ban sabunta bayanai ba kafin azahar za a tsayar mini da hidima. Ya ce buɗe Nafath, za ki ga lambobi uku, danna 47. Na buɗe, ga 47 kuwa a tsakiya. Wallahi yatsana yana kan gilashin. Man da ke hannuna ne ya hana wayar amsawa, na tsaya gogewa da gefen zane, sai 'yata ta fito ta fizge wayar. Ta nuna mini rubutun da ke saman lambobin, wanda ni ban ko kalla ba: buƙatar buɗe asusu ce. Da ta ce masa za mu je ofis da kanmu sai ya zage ta ya kashe.

Har yau ina tambayar kaina ina ya samo sunan kakana. Sai na tuna shagunan buga takardu nawa na bar wa kwafin igamata, da masu haɗa aikin aikatau nawa na tura wa hotonta a WhatsApp.

Maman Walid
Hajiya sannu, Allah ya tsare gaba. Jama'a, Absher ba ya kiran mutum ya ce danna lamba, banki ma ba ya tambayar lambar sirrin da ta shigo ta saƙo. Lambar Nafath kai ne ke nemanta da hannunka, in ta zo ba ka nema ba, wani ne ke ƙoƙarin shiga rigarka. Saƙon yaudara in ya shigo a tura shi 330330, kyauta ne. Balagi kuma ana yinsa ta manhajar Kulluna Amn ko a je shurɗa mafi kusa.

Ɗan Maiurno
Salam. Ina jin ku, amma ku bar ni in faɗi abin da kowa ya sani ba a faɗa. Mu da yaƙi ya koro daga Sudan tun Afrilun 2023, da yawanmu takardun da muka shigo da su sun ƙare. Layin da nake rubuta muku da shi yanzu da sunan ɗan kawuna yake. In ƙanwata ta aiko wa mahaifiyarmu da kuɗin magani, asusunsa ake turawa. Haka rabin unguwa ke rayuwa, a Makka da Jidda duka, ballantana bayan rusau ɗin unguwannin Sabil da Karantina na Jidda da ya watsa mutane. Yanzu ku ce duk wanda ya riƙe lambar wani ɓarawo ne? In kowa ya kulle igamarsa a akwati, marasa takarda su yi yaya?

Ɗalibin Madina
Ɗan uwa, ba wanda ya kira ka ɓarawo, Allah ya kawo muku zaman lafiya a gida. Ɗan kawunka ya sani, ya yarda, wannan dabam yake da wanda aka ce wa ƙifta ido. Amma ka san nauyin da ya ɗauka dominka. Tun 2016 aka ɗaure kowane layi da yatsan mai shi. Duk kiran da ya fita daga layin nan, duk riyal ɗin da ya shiga asusun nan, a gaban hukuma shi ya yi. In wata rana wani da ka amince da shi ya ce ara mini asusun nan a turo mini kuɗi sau ɗaya, kai kuma ka ji kunyar hana shi, ɗan kawunka ne zai zauna gaban mai bincike.

Ɗan Maiurno
Na sani. Shi ya sa ko matata ban ba ta lambar asusun ba. Amma ba ku amsa mini ba. Ku masu igama kuna da Arƙami da Najiz da za ku duba. Mu in aka cuce mu ko ƙofar shurɗa ba ma iya zuwa.

Baba Mu'aƙƙibi, Jarwal
Gaskiyarka ce, kuma ba ni da amsar da za ta sanyaya maka rai. Abin da zan iya cewa shi ne mai taimako ya taimaka da hannunsa. Ya karɓi kuɗin da kansa daga mutumin da ya sani, ya cire ya miƙa. Kada ya ba da kati, kada ya ba da kalmar sirri, kada ya sa Nafath ɗinsa a wayar wani. Tsakanin in karɓar maka da in ba ka kaina akwai tafiya mai nisa.

Malam Tela, Hindawiyya
Ni dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abu Sadiƙ ka yi haƙuri, amma ina kake har ɗan maƙwabta ya zama shi ke riƙe da sirrin mahaifinka?

Abu Sadiƙ, Sharar Mansur
Malam, ba ka faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba cikin dare. Na ɗauka hidimar waya ƙaramin aike ne, kamar a ce yaro je ka sayo burodi a bagala. Ban gane cewa mabuɗin gida gaba ɗaya na miƙa ba.

Maman Walid
Malam Tela ba yau ce ranar wannan magana ba. Gidan wa ne a cikinmu ba yaro ke yi wa tsofaffi Absher? Iyayenmu sun zo ƙasar nan lokacin da igama ɗan littafi ce da ake naɗewa a leda a sa ƙarƙashin katifa. Yau an mayar da ita cikin waya da rubutun da ba su iya karantawa. Dole wani ya riƙe musu. Magana ita ce wa zai riƙe, kuma wa ke duba mai riƙon.

Ummu Rayyan, Misfala
To na ji batun ƙaryar waya ba zai yiwu ba, na janye. Amma ba dole sai an ambaci sunan yaron ba ai. Baba ya ce bai san wanda ya yi ba, shi ke nan. Ku ba ku ga uwar nan ba, ni na san ta, tare muke sayar da turare a bakin hanya lokacin Hajji.

Ɗalibin Madina
Anti, tambayar farko da za a yi wa Baba ita ce wa ke taɓa wayarka. In ya ce ba kowa, ya ɗauki laifin a kansa. In ya ce bai sani ba, riyal 500 ɗin nan ta wata hanya suka iso hannun yaron, kuma hanyar tana da sawu. Za a kai gare shi ko Baba ya faɗa ko bai faɗa ba.

Amma akwai ƙofa, kuma ita nake so Yaya Abu Sadiƙ ya kai wa mahaifiyar. Sashe na 11 na dokar ya ba kotu dama ta yafe hukunci ga mai laifin da ya kai kansa ya ba da labari. In kafin hukuma ta sani ne kuma kafin a cutu, wannan ya wuce. In bayan ta sani ne, sharaɗin shi ne labarin nasa ya kai ga kama sauran ko kayan aikinsu. Ban ce za a yafe masa ba, alƙali ke da wannan. Amma yaron da ya shigo da ƙafarsa riƙe da wayarsa, da duk hirarsu da mai biyansa, da lambar da aka turo masa kuɗi, ba ɗaya yake da wanda aka je aka ɗauko cikin dare ba. Abu mafi muni da zai yi yanzu shi ne ya goge hirar don tsoro. A nemi lauya kafin Alhamis in da hali, kuɗin karo-karon ma a cire wani abu a ciki don wannan.

Alhaji Mai Canji
Da ɗan gari akan ci gari. Masu wannan sana'a ba sa son sunansu ya taɓa ko kwabo, shi ya sa suke farautar yaranmu marasa aikin yi, da tsofaffi, da masu shirin fita ƙasar gaba ɗaya su ce sayar mana da asusunka tunda tafiya za ka yi. A gida Najeriya ma haka ake yi da BVN da NIN, kuma can ma dokar laifukan intanet ta 2015 ta yi maganarsa a sashe na 22. Abu Sadiƙ, tambayi yaron nan da kyau: asusu nawa ya buɗe, da igamar su wa? Ka ce a kan kowane asusu ake biyansa. Ban ji wanda ya tsaya a kan kalmar nan ba.

Abu Sadiƙ, Sharar Mansur
Alhaji ka taɓo inda nake tsoro. Bari in je gidansu yanzu.

Abu Sadiƙ, Sharar Mansur
Na dawo. Huɗu ne. Baba, da wasu tsofaffi biyu a layinmu, ɗaya ma yana cikin dattawan da suka ce mu rufa asiri, bai san da shi a ciki ba. Na huɗun igamar mahaifiyarsa ce. A gabana ya faɗa, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, ba ta ce komai ba.

Na bi abin da Baba Mu'aƙƙibi ya ce. A Arƙami na ga layuka biyu da ba mu san da su ba. Simah da Najiz ba komai, alhamdu lillahi. Hirar tana nan a wayar yaron bai goge ba, na sa ya kashe ta ya ba kawunsa ya ajiye.

Ummu Rayyan, Misfala
La haula wa la ƙuwwata illa billah. Har ita? Zan je wurinta bayan isha, kada a bar ta ita kaɗai yau.

Baba Mu'aƙƙibi, Jarwal
Sauran tsofaffin biyu da mahaifiyar kada su jira a kira su. Kowa ya kira bankin da aka buɗe asusun ya ce a tsayar, ya karɓi lambar ƙorafi ya rubuta, sannan ya yi nasa balagin da sunansa. Layukan nan biyu kuma ka kai ƙorafi kamfanin a soke su, amma ka buga hotonsu tukuna, mai bincike zai so ya gani.

Abu Sadiƙ, Sharar Mansur
Kawun yaron ya yarda, shi zai kai shi da kansa gobe da safe, kafin lokacin Baba. Mun samu lauyan da zai gan su yau bayan magariba. Abin da ya rage, Baba in ya rikice Larabcinsa guduwa yake, kuma ban sani ba ko za a bar ni in shiga da shi. Akwai wanda ya taɓa raka tsoho irin wannan zama?

Baba Mu'aƙƙibi, Jarwal
Ka gaya musu tun a ƙofa cewa yana buƙatar tafinta, kuma kada ya sa hannu ko yatsa a kan takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. Ka ba shi karin kumallo da maganinsa kafin ku fito, zaman yakan yi tsawo. Ƙarfe bakwai ina bakin masallacin layinku, tare za mu tafi.